'Yar Gata Ta Daina Ci, Kuma Ban Gaya wa Mai Ita Ba

Aikin farko yau: wanke mazubin ruwan kaji.

Gwaggo, assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da wannan layi na sama. Haka nake fara rubutun kowace rana tun ina sakandare, hannuna ya saba, sai da na ajiye alƙalami na tuna wasiƙa na zauna yi. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Na san irin abin da ake kawo miki a wannan fili, rigimar gado da auren da ya tsaya da 'ya'yan da suka fi ƙarfin iyaye. Ni tawa maganar kaza ce, guda ɗaya, ko ƙwai ba ta fara ba. Na ji kunyar aikowa, amma na rasa wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba.

Ni tela ne, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Shagona a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida. In ina kan keke ina jin duk motsin da ake yi a ciki. A kusurwar tsakar gidan, bayan igiyar shanya, akwai akurkin maiɗakina. Kajin nata ne, ni ban taɓa sa hannu ba, iyakata in ci ƙwai in yi godiya.

A cikinsu akwai wata budurwar kaza wake-wake, mai ɗan tukku a ka, da take kira 'Yar Gata. Sai na gaya miki asalinta za ki gane abin da ya hana ni sukuni. Irin kajin mahaifiyarta ne, waɗanda tsohuwar ke riƙe da su tun kafin ta haifi matata. Bara wata cuta ta ratsa kajin unguwa, ta share na tsohuwar kaf, ta share namu ban da kaza ɗaya. Wannan ɗayar ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, shaho ya ɗauki nasa, ɓera ya ɗauki nasa, daga baya ita uwar ma ta mutu. Tsako ɗaya ya rage. A kwali matata ta raine shi, a ɗakinmu, da fitila a gefe. Sauran kajin da ke akurkin yanzu duk na kasuwa ne. Daga gidan surukata kuwa, ita kaɗai ce ta saura a duniya.

To, surukar tawa ta kwanta rashin lafiya, an ba ta gado a asibiti a wani gari. Matata ce babba a mata, ita ta tafi jinya, ta ɗauki ƙaramar 'yarmu, babbar kuma tana makarantar kwana. Gida ya rage daga ni sai kaji. Da za ta fita, jaka a hannu, ta nuna mini buhun dusa da na tsaki, ta ce in ba su safe da yamma, in canza ruwa, in rufe su kafin duhu. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, “Don Allah maigida, kada ka gyara mini komai.”

Tana da dalili. Ni mutum ne da ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Na taɓa jera mata kayan miya bisa tsawon gwangwanayensu, ta yi kwanaki tana neman gishiri. Ba ta faɗa da fushi ba, dariya muka yi, na kuma ce mata na ji.

Kwanakin farko na bi umarni kamar ɗan makaranta. Sai aka yi ruwa mai yawa, iska ta kaɗa shi cikin akurkin, ƙasan ya jiƙe ya fara wari. Matata garin katako take shimfiɗa musu, na duba buhun na tarar ya ƙare, ban kuma san wajen wane kafinta take samowa ba. Da na kira ta na tambaya, da ba a kai nan ba. Amma na ga bai dace in dami mai jinya da maganar garin katako ba. Na koma shago ina tunani, sai idona ya faɗa kan buhunan ƙyallaye da ke bayan ƙofa. Lokacin ɗinkin kayan makaranta ne, guntayen yadi sun taru mini har sun rasa wurin zama. Busassu ne, masu laushi, masu tsabta, ko ɗan adam aka shimfiɗa wa zai yi barci. Na kwashe su, na haɗa har da sharar ƙarƙashin keke, wato guntayen zaren da ake datsewa bayan kowane ɗinki, na kai na baza musu. Ban tsaya nan ba. Na auna bakin akurkin, na ɗinka masa labule da ragowar yadi mai kauri don ya tare feshin ruwa, har da kalmasa. Gwaggo, na tsaya na kalli aikin nan na ji daɗi a raina.

Washegari na ga 'Yar Gata tana gudu da jan zare a baki, sauran suna bin ta, ashe tsutsa suka ɗauka. Dariya na yi. Har na ɗauko waya zan ɗauki hoto in tura wa mai su, sai na tuna abin da ta ce a bakin ƙofa, na mayar da wayar aljihu.

Bayan 'yan kwanaki na lura ba ta rige-rigen zuwa wajen tsaki, alhali da ita ce ta farko, har tsalle take yi ta leƙa cikin kwanon tun yana hannuna. Yanzu takan zo a hankali, ta tsaya kan abincin ta kalla. Wani lokaci ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta juya ta a baki, ta yar, ta girgiza kai. Tana miƙa wuya kamar mai son haɗiye abin da ya ƙi wucewa. Ruwa tana ɗan sha. Yawancin yini tana tsaye a gindin bango, ta yi jugum, gashinta a tashe, ido a lumshe. Ba ta tari, ba ta atishawa, hancinta a bushe, fuskarta ba ta kumbura ba, wuyanta bai murɗe ba. Kashinta kaɗan ne, ban ga jini ba, ba kuma kore ba ne. Sauran kajin kuwa garau suke, ci suke kamar an aiko su. A gindin wuyanta, inda abinci ke taruwa, na taɓa na ji wani ƙulli kamar ƙaramin lemun tsami, amma ban san ko haka yake a kowace kaza ba. Na kama wata don in gwada, ta kufce ta bar ni da gashi a hannu.

Na ware ta a kwali a bayan shago, inda nake ganinta daga kan keke. Na jiƙa mata dusa, na dafa ƙwai na marmasa, na gwada shinkafa. Takan duba, ta dube ni, ta kau da kai. Aikina ma ya fara nunawa. Shekaranjiya na ɗora aljihu a bayan riga, sai da na farke.

Maƙwabcina mahauci ne, katanga ɗaya ta raba mu, mutumin kirki amma komai a wurinsa da wuƙa yake ƙarewa. Malam Almakashi yake ce mini. Ya shigo karɓar wandonsa ya gan ta a kwali, ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya shafa ƙirjinta, ya ce ta fara rama, ƙashin ya fito. Shawararsa ita ce in bari ya yanka ta tun da sauran numfashi, kada in wayi gari da mushe, a yi biyu babu. Ya ƙara da cewa shi ma yana da kaji a bayan katangar nan, bai manta da abin da ya faru bara ba, kuma ba zai ji daɗi a ce daga gidana abin ya sake tasowa ba. Wannan kam ban ga laifinsa ba. Da na gaya masa kazar ba tawa ba ce, sai ya ce to me ya yi zafi, in shiga kasuwa in nemo wata wake-wake mai tukku in saka a akurki, wa zai tsaya ƙirga ɗigon gashin kaza? Na ce masa bai san matata ba. Ko a cikin duhu ta ji kukan kaza za ta gaya maka wace ce, da abin da take so.

Yayata kuma, wadda ke aiko mini da abinci tun da gidan ya zama ba mace, ta zo da kanta jiya. Ita cewa ta yi in sayi kafso irin na mutane, in buɗe in zuba a ruwa, in daka barkono in haɗa, in ɗura mata, haka suke yi. Ta ce ni dama tun ina yaro in aka ba ni ajiyar ɗanyen ƙwai sai na dafa shi don kada ya fashe. Amma da muka zo kan maganar gaya wa matata, sai ta daina wasa. Ta ce kul, wadda ke zaune a gaban gadon uwarta ba a ƙara mata da labarin kaza, in yi shiru har Allah ya dawo da ita. Na sayi kafson. Yana nan kan keke kusa da alli, ban buɗe ba. Nakan ɗauka in karanta jikinsa in ajiye.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Kullum bayan la'asar, in tsohuwa ta samu barci, matata takan fito barandar asibiti ta kira ni. Muryarta a gajiye take, irin ta wanda ya kwana a kujera. Mu gaisa, ta gaya mini abin da likita ya ce, wanda yawanci bai wuce a ci gaba da haƙuri ba. Ta tambayi shago, ta tambayi ko ina cin abinci. Daga nan sai ta ce, “Ya 'Yar Gata?” A nan ne kaɗai nake jin muryarta ta dawo irin wadda na sani. Ta tambaya ko jan kanta ya ƙara fitowa, ko ta fara leƙe-leƙen wurin yin ƙwai, domin a lissafinta lokaci ya kusa. Ta ce tsohuwa ma in ta farka takan tambaya, har takan yi murmushi in aka ce mata irin kajinta bai ƙare ba.

Ranar farko na ce lafiya lau, kuma a lokacin ban tabbatar akwai wani abu ba. Rana ta biyu na maimaita. Daga nan abin ya zama kamar ɗinkin da aka fara a karkace, kana tafiya yana ƙara kaucewa. Don kada ta ji shiruna ya yi yawa, har ƙari na yi, na ce na ga 'Yar Gata ta kori ƙadangare daga bakin kwano. Ta yi dariya sosai, ta ce za ta ba tsohuwa labari. Na ajiye wayar na koma kan keke. A zamanmu ban saba yi mata ƙarya ba, ba don na fi kowa ba, ni dai ba na iya riƙe ta ne. Jiya ta ce in ɗauki hoton kazar in turo, tsohuwa na son gani. Na ce wayar tana ba ni matsala, sai na kai gyara.

Yau da safe, ina share kwalin, na ga jan zare a cikin kashin kazar, ɗan guntu. Na san zaren, ni na saye shi don bakin aljihun rigunan makaranta. Daga nan na je na kwashe ƙyallayen akurkin gaba ɗaya, na share har da tsintar zare da hannu, na zuba yashi kafin in samu garin katako. Ban sani ba ko zaren ne ya hana ta ci, ko wata cuta ce daban zaren ya zo ya tarar. Ba na so in ɗora wa kaina laifin da ba nawa ba, kuma ba na so in sauke wanda yake nawa.

Tun safe nake juya abu ɗaya. Ina gaya wa kaina don tausayinta nake ɓoyewa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin abu ɗaya ke sa ta dariya a yini, ni kuma in ɗauke shi? Amma in na zauna shiru sai wata zuciyar ta ce mini ba haka ba ne, tsoro nake ji ta san abu ɗaya ta roƙe ni kuma shi na karya. Na kasa raba biyun. In na gaya mata, na ƙara mata nauyi a lokacin da ba ta da wurin ɗauka. In na yi shiru kazar ta mutu, ko na ba mahauci, to ranar da ta dawo za ta ajiye jaka ta nufi akurki, ni kuma ina tsaye a bayanta da labarin ƙadangare.

Don haka Gwaggo, me kike gani ke damun kazar nan, kuma akwai abin da zan iya yi mata? In bari a yanka, ko in jira? Sannan ita mai ita, in gaya mata ko in bi maganar Yaya? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban iya taƙaitawa ba.

Abin da ya rage na gobe:
sake taɓa gindin wuyanta kafin in ba ta komai
neman kafinta mai garin katako
kalmasar sauran wandunan makaranta
mayar wa Yaya kwanukanta
ba mahauci amsa

Naki,
Telan da aka bar wa ajiya

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana Tela. Ba ka ɓata mini fili ba, kuma ban yi maka dariya ba, in ban da wajen labule mai kalmasa. Na tura maka wannan amsa ta waya ranar da wasiƙarka ta iso, domin kaza marar ci ba ta jiran ranar fitowar jarida. Na buga ta a nan ne saboda masu kiwo a bayan gida suna da yawa cikin masu karatu.

Mu fara da marar lafiya. Ni ba likitar dabbobi ba ce, sai na karanta wa wani likitansu bayaninka. Ya yaba da yadda ka lura, ya kuma ce ba a yanke hukunci daga nesa. Amma kazar da ke zuwa wajen abinci tana so ta kasa, tana miƙa wuya, ga ƙulli, ga zare a kashi, sauran kuma lafiya, ta fi kama da wadda wani abu ya tsaya mata a hanya, ba mai cutar da ke yaɗuwa ba. Ka samu wanda zai riƙe maka ita a wuri mai haske, ka buɗe bakinta a hankali ka duba harshe. Zare yakan naɗe shi. In a nan ya tsaya kuma kana ganin bakinsa biyu, ƙaramin almakashi zai raba, kuma ba a unguwarku wanda ya fi ka hannun yin haka. In kuwa ya zarce cikin maƙogwaro, kada ka ja ko kaɗan, za ka iya yanka ta daga ciki. Shi kuma ƙullin gindin wuya, kowace kaza tana da shi bayan ta ci, amma da safe kafin ta ci komai ya kamata ya sace. In ka same shi da tauri a lokacin, ko bakinta na wari, abinci ba ya wucewa ke nan. Kada ka matse da ƙarfi, kada ka juya ta kai ƙasa, kada ka ɗura mata komai, domin ruwa na iya bin hanyar numfashi. Ka bar mata ruwa mai tsabta a gabanta, a wuri mai ɗumi, ka sa ta a kwalin nan ka kai ta wurin likitan dabbobi ko ma'aikacinsu mafi kusa, yau ba gobe ba. Akwai tsutsar ciki da ƙwarƙwata da wasu abubuwan da shi zai duba, ka tafi masa da guntun zaren ya gani. Kafso da barkono, ka bar su inda suke. Ba sa narkar da zare, kuma maganin mutum ba a ba dabba da ka.

Mahauci yana da gaskiya a wuri biyu. Tsoron da yake wa kajinsa daidai ne, don haka ka ci gaba da ware ta, ka riƙa wanke hannu da kwanuka kafin ka koma kan sauran. In ka ga wata ta fara numfashi da ƙyar, ko koren zawo, ko kumburin fuska, ko murɗewar wuya, ko aka fara mutuwa farat ɗaya, ka sanar da likita da maƙwabta nan take, kuma irin wannan ba a ci, ba a sayarwa. Yana kuma da gaskiya cewa ba a barin dabba tana wahala in an tabbatar ba tashi. Amma ba a tabbatar ba tukuna, kuma ko an tabbatar, ba kai ne mai cewa a yanka ba, ba shi ba ne. Maganar sayo wata a musanya kuwa, ka riga ka ba shi amsa da kanka.

Yanzu ga mai nauyin. Yayarka ba ta faɗi abin banza ba. Ba kowane labari ake kai wa mai jinya ba, kuma da kazar kasuwa ce da na ce ka yi shiru har ta dawo. Tambayar da kake wa kanka, ko tausayi ne ko tsoro, ka daina wahalar raba su. Duka biyun ne, haka yake ga kowa. Shimfiɗar ƙyalle kuskure ne na mai son kyautatawa, kuma matar da ta yi shekaru da kai ta san irin kuskurenka tun kafin ka yi, shi ya sa ta juyo daga bakin ƙofa. Wannan za ta yi faɗa ta wuce. Abin da zai daɗe a ranta shi ne ta gane dariyar da take yi a barandar asibiti, har tana kai wa mahaifiyarta, ba ta da tushe. Kowace la'asar da ka ƙara, ƙara mata wannan kake yi.

Akwai kuma abin da na lura. Ka tambayi mahauci, ka tambayi Yaya, ka tambaye ni, na tambayi likita. Mutum ɗaya da ta raini kazar nan tun tana cikin tafin hannu, wadda ta fi mu duka saninta, ita ce ba a tambaya ba, kuma ban gan ta a jerin ayyukanka na gobe ba. Kana ganin nauyi za ka ƙara mata. Ni na yi jinya, na san zaman. Abin da ya fi gajiyar da mutum a gaban gadon nan shi ne ba abin da zai iya yi, sai kallo da addu'a da jiran likita. A zo maka da matsalar da ka san kanta, a ce me za a yi, wani lokaci hutu ne.

Saboda haka kada ka jira kiranta na la'asar. Kai ka kira. Ka fara tambayar jikin tsohuwa, in ka ji ranar mai tsanani ce ƙwarai, ka ɗaga zuwa safiya, amma kada ya wuce haka. Ka faɗa a jere kamar yadda ka faɗa mini: ba ta ci, ga abin da na shimfiɗa, ga abin da na gani, na ce miki lafiya alhali ba haka ba ne, ki yafe mini, yanzu me zan yi? Kada ka yi dogon bayanin dalili. Abin da za a gaya wa tsohuwa kuma ka bar mata, ita ta san abin da uwarta za ta iya ɗauka.

Ba zan yi maka alkawarin kazar za ta tashi ba. Tana iya tashi, tana iya tafiya ko an yi komai daidai. Amma in ta tafi bayan ka kira, ku biyu kuka yi rashi, kuna da wanda za ku yi wa juna jaje. In ta tafi kana shiru, kowannenku shi kaɗai zai ɗauka. In maiɗakinka ta hau faɗa, ka riƙe wayar ka saurara har ƙarshe, a tsakiyar faɗan nan za ka ji ta fara gaya maka yadda ake riƙe kaza a buɗe mata baki.

Allah ya tashi kafaɗun surukarka, ya ba mai jinya lada da ƙarfin jiki, ya sa 'Yar Gata ta ci ta ƙoshi, ya bar ku tare cikin aminci.

Taka,
Gwaggo